Me Fasto Ke Yi a Ɗakin Marasa Lafiya?

Tambaya: Za a yi wa mahaifiyata tiyata a wani asibitin mishan. Na ji an ce akwai fastocin da ke bin majinyata gado-gado suna addu'a, mu kuwa Musulmi ne. Mene ne aikinsu, kuma dole ne sai ta saurare su? Daga wani mai karatu a Birnin Ƙonni.

Amsa: Malam, Allah ya ba Inna lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Abin da ka ji gaskiya ne. Waɗanda suka kafa irin waɗannan asibitoci ba su taɓa ɓoye cewa magani da bishara suka kawo tare ba. Ƙungiyar mishan ta SUM ta fara aikin asibiti a Vom cikin 1922. Takwararta SIM kuma ta buɗe na Galmi, nan kusa da ku a hanyar Madawa, a 1950, sannan ta buɗe Evangel na Jos a 1959, wanda mutanen gari suka fi sani da Jankwano, yau kuma shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Saboda haka a irinsu za ka tarar da ɗakin sujada, ma'aikata na addu'ar safe kafin su kama aiki, da fasto ko mai bishara da aka ware domin majinyata. Shi ake kira limamin asibiti.

Mafi yawan aikinsa dubiya ce, irin wadda muka sani tun kaka da kakanni. Likita na da layi a ƙofa, nas na da allurar gado talatin, babu mai lokacin zama ya ji abin da ya hana mara lafiya barci. Fasto shi ke jawo kujera. Zai ji ta bakin tsohon da ke tsoron ɗakin tiyata, da magidancin da ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe don kuɗin magani, da yarinyar da yoyon fitsari ya raba ta da miji har dangi suka ƙaurace mata. A ganina nan ne ake gane gwani: yana saurare fiye da yadda yake magana. Idan kuma rai ya yi halinsa da tsakar dare, sau da yawa shi ake tasowa ya zauna da dangi kafin gari ya waye.

Ga majinyaci Kirista aikin ya wuce haka. Zai karanta masa Littafi Mai Tsarki, ya kawo masa Jibin Ubangiji har gado. Wasu majami'u suna shafa wa mara lafiya mai, bisa abin da ke cikin Wasiƙar Yaƙub sura ta 5, a wurin Katolika kuwa Fada ne kaɗai ke yin wannan.

To, batun dole. Babu dole, Malam. A ƙa'idar aikin likita, maganin mutum ba ya rataya a kan addininsa, kuma yawancin masu zuwa Galmi ma Musulmi ne, Hausawa da Buzaye da Fulani. Fasto mai sanin aikinsa yakan yi sallama, ya tambayi jiki, ya nemi izini kafin ya yi addu'a. Ba zan ce maka kowa ke kiyaye wannan ba, don ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma mai ɗokin wa'azi kan manta cewa wanda ke kwance ba ya iya tashi ya bar wurin. Idan kun haɗu da irinsa, ku gaya wa babbar nas ɗin ɗakin.

Tun kafin ranar kwanciya ka yi wa Inna wannan bayani, kada ta ga baƙo a bakin gado ta tsorata. In ya zo, ta amsa gaisuwarsa. In ba ta son addu'ar, ta ce ta gode, ya isa. Ku tafi mata da buta da dardumarta, ku kuma tambayi nas lokacin da aka yarda 'yan dubiya su shigo, domin limaminku ya samu zuwa.