Begen Sama: Nasiha ga 'Ya'yanmu Masu Bi na Matankari

'Ya'yana, na ji wasunku na cewa zancen sama na tsofaffi ne masu jiran kira. A ganina yaro ya fi tsoho bukatarsa, domin shi ke da kasuwa a gabansa, da aure, da tafiya ci-rani.

Kun san halin ƙasarmu ta Arewa. Shekarar da ruwa ya yi gardama, rumbu kan ƙare tun bazara ba ta shigo ba. Duk da haka manomin kirki ba ya taɓa damin da ya ware na iri. Yara na kuka, uwargida ta zuba masa ido, amma ya gwammace ya sayar da akuya ko ya fita ƙwadago. Ba rowa ke damunsa ba, ya tabbata ne damina na tafe. Haka mai begen sama yake. Akwai abin da ba zai ci ba ko yunwa ta kai inda ta kai, saboda ya san abin da ke zuwa.

To mene ne ke zuwa? Kada ku tsaya ga hutu da ƙoshi kawai. Babban alkawarin shi ne zama tare da Allah kansa. Littafin Ru'ya ta Yohanna ya nuna mana ranar da Ubangiji zai sabunta halitta duka, ya zauna cikin mutanensa, mutuwa da makoki su ƙare. Muna sa zuciya ga wannan ne domin Yesu Almasihu ya tashi daga matattu. Ba da aikinmu muke sayen wurin ba, alheri ne aka yi mana. Shi ya sa tsarki ba kuɗin shiga ba ne. Halin gidan da za mu ne, muke koyonsa tun muna nan, Ruhu Mai Tsarki na taimakonmu.

A nan ne samari kan ruɗe. Wani ya ɗauka tsarki shi ne ɗaure fuska da ƙin cuɗanya da dangi. A'a, ɗana. A garin nan zuriya ɗaya za ka tarar da Musulmi, da Kirista, da mai riƙe da al'adar kakanni irin ta mutanen Lugu da Bagaji. In an yi haihuwa gidan baffanka, ka je suna. In an yi rasuwa, ka riga kowa zuwa gaisuwa, ka zauna kan tabarma har a watse. Inda tsarkinka zai bayyana shi ne tiyarka ta cika daidai ko mai saye makaho ne, bashin da ka ci ka biya ba sai an biyo ka ba, 'yar mutane kuma ta kuɓuta daga yaudararka. Ke ma 'yata, ranar da ɗanki ke zazzaɓi aka ce ki nemo laya ko a kira masu bori, na san zafin da ke zuciyarki. Ki yi addu'a, ki goye shi ki kai likita.

Masu wannan bege ba su taɓa naɗe hannu ba. Asibitin Galmi da mishan ta SIM ta buɗe a 1950 har yau yana karɓar marasa lafiya, ba a tambayar kowa addininsa a bakin ƙofa. Ku tuna kuma da 16 da 17 ga Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Shugabannin ikilisiya suka yi kira ga gafara, ba ga ramuwa ba, wasu maƙwabta Musulmi kuma suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. Gafara irin wannan ba ta yiwuwa sai ga wanda ya gaskata shari'ar ƙarshe na hannun Allah.

Za ku yi tuntuɓe, wannan babu shakka. In ya faru kada kunya ta hana ku zuwa sujada. Ku tuba, ku nemi wanda kuka ɓata wa ku roƙe shi. Masu shirin tafiya Yamai ko Kwatano bayan kaka, Lahadin farko ku nemi ikilisiya a can, kuma ku biyo ta gida mu yi addu'a tare kafin ku hau mota.