Darasi: Idan Ma'aunin Laima Ya Fara Ƙarya

Darasinmu na wannan wata a kan wata 'yar na'ura ne. Yanzu akwai malaman makaranta da malaman gona da masu sha'awa da suke kafa ƙaramar tashar auna yanayi a gida. A cikinta akwai ma'aunin laima, wato danshin da ke cikin iska. Yana nuna lamba daga 0 zuwa 100. Wannan lamba ba abin wasa ba ce. Idan laimar ɗakin ajiya ta daɗe sama da 70, gyaɗa da masara sukan yi funfuna. To, in ma'auni ya ce 50 alhali 80 ce, ai an yi asara.

Da farko, ba kowace baƙuwar lamba ce alamar lalacewa ba. Da hunturu, da tsakar rana a Kano, laima takan sauka ƙasa da 20. A watan Agusta kuwa, da asuba, takan haura 90. Duk gaskiya na'urar ta faɗa.

Sai ka duba inda ka kafa ta. Idan rana tana dukanta, ko tana jikin rufin kwano ko bango mai zafi, za ta nuna lamba ƙasa da gaskiya. Wurinta inuwa ne inda iska ke ratsawa, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa.

Ƙura ma takan toshe kafofinta. Share su da buroshi mai laushi. Kada ka taɓa cikinta da yatsa, balle sabulu ko fetur. Idan ta tsaya cik a kan 99, yawanci raɓa ce ta shiga. Cire batir, ka bar ta ta bushe a inuwa kwana guda. Batir mai rauni shi ma yakan rikita lamba.

Ga gwajin da ni na fi amincewa da shi, kuma ba ya cin ko kwabo. Cika murfin kwalba da gishirin miya. Ɗiga ruwa kaɗan har ya jiƙe kamar ɗanyen yashi, amma kada ya narke. Saka murfin da ma'aunin cikin roba mai rufuwa ruf, ba tare da gishirin ya taɓa na'urar ba. Ajiye a ɗaki, kada ka buɗe sai bayan awa 24. Dalili shi ne jiƙaƙƙen gishiri yakan riƙe laimar da ke cikin robar a kan 75, ba ya bari ta hau ko ta sauka sosai.

In ka ga 72 zuwa 78, ma'auninka lafiya lau. In ka ga 67, rubuta a takarda ka manna a jikinsa cewa yana rage 8, ka riƙa ƙarawa. In kuwa ya nuna 40, ko ya ƙi motsi sam, ya tsufa, sai a sauya shi. A maimaita gwajin bayan kowane hunturu, da kuma kafin kaka.