Wutar Lantarki Daga Iska Da Masu Gyaranta

Jama'a, iskar da ke kaɗa ganyen itace tana iya ba da wutar lantarki. Ana kafa dogon ƙarfe, a ɗora farfela a samansa. In iska ta buso sai farfela ta juya janareta, a tara wutar cikin batir. Abin lura shi ne, in gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka sau 8. Saboda haka wajibi ne a auna iskar wuri kafin a kashe ko kwabo.

A Nijeriya iska ta fi ƙarfi a Arewa, wajen Sakkwato, Katsina, Kano da Jos. A ƙauyen Sayya Gidan Gada na Jihar Sakkwato an kafa ƙaramin inji mai ƙarfin kilowat 5, a ƙarƙashin Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Lambar Rimi kuwa, ta Jihar Katsina, an shirya injuna 37, jimillarsu kimanin megawat 10, amma aikin ya sha jinkiri na shekaru.

To, ina ruwan mutanen Sabo na Ibadan da wannan batu? Iskar Ibadan ba ta da ƙarfi, don haka kafa inji a can hasara ce. Amma tun da aka kafa unguwar a 1916, mutanenta ke kai goro Arewa, su sauko da shanu. Hanyar da ta ɗauki goro tana iya ɗaukar mai sana'a. An ga injunan iska masu jawo ruwa daga rijiya sun mutu a ƙauyukan Arewa saboda rashin mai gyara, jama'a suka koma ga guga.

Wanda zai yi wannan aiki sai ya iya walda, da haɗa waya, da naɗin janareta, da kula da batir. Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu a 1971, da Hukumar Samar da Ayyukan Yi a 1986, don horar da masu sana'a. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan ma tana koyar da aikin lantarki.

Ya ku iyaye, ku tura yara maza da mata su koyi aikin hannu. Yaron da ya ji Hausa da Yarabanci, ya kuma iya gyaran inji, yana da abin dogaro a Kudu da Arewa.