Me Ya Sa Mama Ta Yi Wa Malam Nata'ala Kuka?

Tambaya daga wata mai karatu a unguwar Jahun, cikin garin Bauchi: Ranar da aka sanar da rasuwar Malam Nata'ala na Daɗin Kowa, mahaifiyata ko abincin dare ta kasa ci. Ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba, ko sunansa na yanka ba ta sani ba. Me ya kawo wannan shaƙuwa? Kuma tunda wasa ne, ba za a iya naɗa wa wani rawanin ya ci gaba daga inda ya tsaya ba?

Amsa: Malama, ki fara gai da mana Mama, ki kuma ce mata ba ita kaɗai ba ce. Sunansa Mato Yakubu, mutumin Potiskum ne, nan gaba da ku in kin bi hanyar Darazo. Ya rasu a watan Nuwamba na 2025. Allah Ya jiƙansa.

Ki duba lissafin. Tashar Arewa24 ta fara nuna Daɗin Kowa a 2015, wato wajen shekara 10 ke nan Mama tana zama da wannan malami duk mako. Fim ɗin da muka saba saye a faifai awa biyu ne, a yi soyayya, a yi aure, kowa ya kama gabansa. Shiri mai dogon zango kuwa ba ya sallamar mutum. Ana idar da sallar isha'i a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a jawo kwanon tuwo, yara su yi tsit, sai ga shi ya fito da carbi a hannu, almajirai na biye, rigimar matansa na jiransa a cikin gida. Akwai 'yan'uwan jini da Mama ba ta gani sau ɗaya a shekara. Shi kuwa ta san muryarsa, ta san yadda yake murtuke fuska in an taɓa masa aljihu, ta ga furfurarsa tana ƙaruwa daidai lokacin da tata take ƙaruwa.

Kuma abin da ya fi kama zuciya, ba baƙo aka kawo mata ba. Duk wanda ya tashi a Bauchi ya san malamin tsangaya irin wannan a unguwarsu, mai ilimi da rauni irin na ɗan'adam. Marubutan shirin ba su wanke shi tas ba, ba su kuma mai da shi mugu ba, shi ya sa ake jin haushinsa yau, gobe a tausaya masa.

Batun ɓacewar suna tsohon abu ne. Usman Baba Pategi ya rasu a 2023, amma ta'aziyyar Samanja, sunansa na wasa, mutane suka yi. Ɗan'azumi Baba marubucin littattafai ne tun kafin Daɗin Kowa, yau ko a kasuwar Wunti ya sauka, Kamaye za a kira shi, a tambaye shi ina Adama, matarsa a shirin. A Ingila ma akwai William Roache, wanda yake fitowa a matsayin Ken Barlow a shirin Coronation Street tun Disamban 1960.

Sai tambayarki ta biyu. Ana iya sauya fuska, an ma taɓa yi. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina na Aminu Saira, Fati Washa ce ta karɓi matsayin Sumayya, shirin kuma ya ci gaba, duk da masu kallo sun daɗe suna kwatanta su biyun. To amma can mai rai ce ta ajiye aiki. Inda mutuwa ta shiga, ni dai a ganina bai kamata a ɗora wa wani wannan nauyi ba. Rabin Nata'ala a takarda aka rubuta shi, ɗaya rabin kuma Mato ne ya zo da shi daga gida: karin harshensa, tafiyarsa, ɗan shirun da yake yi kafin ya saki magana. Wanda duk aka ba rawanin zai ƙare ne yana kwaikwayon mamaci, Mama kuma da ya buɗe baki za ta gane ba shi ba ne.