Likitan Iyali da Katin Asibiti

A da can kowane gida ya san masu yi masa magani. Wanzamin da ya yi wa uba kaciya shi ke yi wa ɗa, ungozomar unguwa kuma ta san matar da haihuwa ke ba wuya. Ba su rubuta komai, amma tarihin gidan yana kansu.

Da asibitin Bature ya zo, gudunsa aka fara yi. Sai ciwo ya gagari saiwa da rubutu sannan a ɗauki mutum ranga-ranga, in ya cika a ce asibiti ne ya kashe shi. Allurar fenisilin, wadda ta yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta taimaka ƙwarai wajen sauya zukata. Sai dai ta bar mana wani gado: har gobe akwai mai ganin likitan da bai yi masa allura ko ƙarin ruwa ba, bai duba shi ba.

A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, suka amince cewa kiwon lafiya daga asibitin kusa da gida yake farawa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage a kan haka a Nijeriya. A Ingila kuwa, tun 1948 mutum kan yi rajista da likitan unguwarsa, shi ne mai tura shi wurin ƙwararre in da bukata.

To, mu yaya muke yi? Yau kemis, gobe asibitin kuɗi, jibi babban asibiti, ko'ina a yanki sabon kati. Wannan yawo bai faye cutar da mai zazzaɓin kwana uku ba, amma ga mai hawan jini ko ciwon suga haɗari ne. Waɗannan cututtuka ba sa warkewa da shan magani na wata guda, lallaɓa su ake yi shekara da shekaru. Likitan da ya ga awon jininka na bara shi zai gane ko na bana ya hau, shi zai tuna wace ƙwaya ce ta sa ka tari, ya kuma san shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da mahaifinka. Sabon likita daga farko zai soma, kai kuma ka sake biyan kuɗin gwaji.

Saboda haka maigida ya zaɓi asibiti ɗaya na kusa, ya adana katin kowa. In tafiya ta kama, a riƙe takardun gwaji da kwalin maganin da ake sha, don wanda zai duba ya ga sunansa da ƙarfinsa.