Shin Garin Zogale da Zoɓo Suna Kare Hanta?

Tambayar ta fito daga wani mai sauraronmu a kasuwar Mile 3, Fatakwal, da ke ganin ana tallar garin zogale da zoɓo da kurkum a matsayin maganin hanta.

To Malam, masana sun gwada ruwan zogale da na zoɓo, sun ga suna rage lahanin guba ga hanta, amma akasari a jikin ɓeraye aka gani. Ba a tabbatar da cewa suna warkar da ciwon hanta a jikin mutum ba. Ka ci zogalenka a kwaɗo, ka sha zoɓo da ɗan sukari kaɗan. Ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi kuwa, an samu waɗanda suka lalata musu hanta.

Abin da ya fi damuna shi ne damshin Fatakwal. Gyaɗa da masarar da aka kawo daga Arewa, in suka yi fumfuna, suna iya ƙunsar guba mai suna afulatoksin, mai jawo kansar hanta. Kada ka ci, kada ka sayar.

Sannan ka je asibiti a gwada jininka ko akwai ciwon hanta nau'in B. Jariri kuma a yi masa rigakafinsa cikin awa 24 da haihuwa.