Katin asusun lafiya da giɓin da yake bari

Ɗana, na ji ka sauka Johannesburg lafiya, har ka shiga asusun lafiya irin nasu, tunda Afirka ta Kudu ba ta ba da bizar karatu sai da shi. Madalla. Sai dai mahaifiyarka ta ce ka kwantar mata da hankali, wai yanzu duk abin da ya same ka an riga an biya. Ni ma haka na zata a shekarun da na yi a can, har ranar da aka yi wa gwaggonka tiyata.

Kowane asusu, ko Discovery ne ko Bonitas, yana da farashin da ya yanka wa kowane aiki. Ƙwararren likita a asibitin kuɗi kuwa ba dole ba ne ya bi wannan farashi. Wani yakan nemi ninki biyu, wani uku, akwai mai kaiwa biyar. Kuɗin gado da na ɗakin tiyata asusun kan biya asibiti kai tsaye, sai a sallame ku kuna hamdala. Bayan kwanaki takardar likitan da ya yi aikin ta iso, ta wanda ya sa majiyyaci barci ma ta biyo baya, kowa da nasa lissafi. A ce asusun ya yanka rand 10,000, likita ya nemi 30,000: ragowar 20,000 a wuyanka take. Ni dai na biya tawa, kuma ban ji daɗi ba.

Wannan giɓin ne ake saya wa inshora ta daban, can suna ce mata gap cover. Kuɗinta na wata bai kai kusa da na asusun ba, amma ba a sayar wa wanda ba ya cikin asusu. Tun watan Afrilun 2017 doka ta sa mata iyaka, rand 150,000 ga mutum ɗaya a shekara a wancan lokaci, ana ɗan ƙarawa duk shekara gwargwadon tsadar rayuwa. Yawancin aikinta a kan kwanciya asibiti ne. Ganin likita don mura ko sayen magani a kemis ba ruwanta, haka ma abin da asusunka ya ƙi biya ɗungurungum.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne lokacin jira. Galibi sai ka yi wata 3 kafin ta fara aiki, ciwon da ka shigo da shi kuma wata 12. Juna biyu ma ana jira. Tunda kana maganar ɗauko mai ɗakinka baɗi, ka shigar da ita da zarar ta iso, kada ku bari sai ciki ya bayyana. Kuma kada ka ɓoye ciwon ulsarka a takardar rajista, don ranar biya za su tono shi su hana ka.

Na san zuciyarka za ta yi maka saƙa a kan halascin inshora. Ka tambayi malamin da ka amince da shi, ni ba fagena ba ne.

Idan Allah ya kawo jinya, kafin a shiga ɗakin tiyata ka tambayi ofishin likitan ko farashin asusunka yake karɓa. Su ba sa jin nauyin wannan tambaya, mu ne ke jin kunya. Ka adana kowane rasit, don sau da yawa kai ne za ka nemi kuɗin da kanka, kuma akwai wa'adin watanni. Takardar da masu inshorar za su ba ka, ka turo mini ta WhatsApp mu duba tare kafin ka sa hannu.